LAFIYA UWAR JIKI: Man Ƙamshin Kasuwar Umdurman Zai Iya Kare Haihuwar Mai Feshi?

Muna gaida 'yan uwa na Umdurman da Khartum da Bahri, da na Madani da Sinnar da Mai Wurno, da na Gadarif da Kasala da Damazin, tare da waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu, da fatan Allah Ya mayar da kowa ɗakinsa lafiya.

A wannan wata za mu taɓo wata magana wadda maza ba su cika son a yi ta a bainar jama'a ba, watau maganar haihuwa, da yadda maganin ƙwari da muke fesawa a gonaki yake iya raunana ta. Abin da ya sa muka ɗauko ta shi ne wani zance da ya fara yawo a bakin mutane, cewa wai masana kimiyya sun gano man kanumfari da man habbatus-sauda da makamantansu suna kare namiji daga dafin feshi. Zancen yana da tushe, ba ƙage ba ne. Amma kamar yadda aka sani, magana idan ta bi baki goma sai ta sake kama. Don haka muka ga ya dace mu baje ta a faifai, domin kada wani ya ɗauki kwalbar mai ya mayar da ita garkuwa, ya shiga gona gaba gaɗi.

Duk wanda ya san Kasuwar Umdurman ya san layin masu sayar da kayan ƙamshi, waɗanda ake kira aɗɗarai. Kasuwa ce mai tarihi, wadda ta bunƙasa tun daga 1885 lokacin da Halifa Abdullahi ya zauna a Umdurman ya mayar da ita babban birni. A wannan layi ne amare ke sayen sandal da mahlab na haɗa humra, da itacen ɗalhi na turaren tsuguno, a nan ne kuma masu agashe ke sayen citta da kanumfari da sauran kayan yaji. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya yi wa kasuwar mummunar ɓarna, aka ƙona rumfuna aka wawashe dukiya. Sai dai sana'ar aɗɗarai ba ta mutu ba, domin duk inda mutanenmu suka yi sansani sai ka tarar da mai tallan hulba da kirfa da 'yan kwalabe na mai. Ga waɗannan kwalabe ne namijin da ya shekara biyar bai ga ƙwansa a duniya ba yake fara juyawa, tun kafin ya yi tunanin asibiti.

MU DA FESHI

Me ya sa wannan magana ta shafe mu fiye da wasu? Amsar tana cikin tarihinmu a ƙasar nan. Bayan da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci sauran jama'a har bakin Shuɗin Nilu, inda suka kafa garin da ake kira da sunansa kusa da Sinnar. Ga kuma alhazan ƙafa da suka yi ta biyo hanyar Makka suna yada zango. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gandun Jazira, hannun kakanninmu na cikin waɗanda suka yi shuka da cire ciyawa da tsinkar auduga. Gandun nan, idan aka haɗa da na Manaƙil, ya kai kimanin faddan miliyan 2. Daga baya aka buɗe na Sabuwar Halfa da Suki da Rahad, kuma babu inda ba a sami mutanenmu ba.

Tun a tsakiyar shekarun 1940 aka fara fesa wa audugar Jazira maganin DDT, daga baya kuma aikin ya koma hannun jiragen sama. Jirgi kuwa ba ya bambanta ganyen auduga da rufin bukkar ma'aikaci, ba ya kuma bambanta gona da magudanar ruwan da ake sha ake wanka. A ƙarshen shekarun 1970 yawan feshi ya kashe ƙwarin da ke cin 'yan uwansu ƙwari, sai farin ƙuda ya sami sarari ya addabi auduga, aka ƙara feshi a kan feshi. Mutanen Hasahisa kuma har yau suna maganar wurin da aka binne ragowar magungunan ƙwari a shekarun 1980.

Ba gandun gwamnati kaɗai ba. Mai lambun tumatir da kubewa a bakin kogi, a Tuti ko Shambat ko Jarif, shi ne yake goya famfon feshi a bayansa. Lebura a gonakin dawa da riɗi na Gadarif shi ne yake dama magani a cikin durom. Mai gadin rumbun hatsi shi ne yake kwana kusa da buhunan da aka sa wa ƙwayar kashe ƙwari. Mafi yawan waɗannan samari ne da magidanta masu shekarun haihuwa.

ABIN DA AKA TABBATAR

Labarin da ya fara buɗe wa duniya ido ya faru ne a 1977, a wata masana'anta da ke garin Lathrop na jihar Kalifoniya a Amurka, inda ake haɗa wani maganin tsutsar ƙasa mai suna DBCP. Ma'aikatan sashen ne da kansu suka lura, a wajen hira, cewa an daɗe ba a yi suna a gidan ko ɗaya daga cikinsu ba. Da aka auna maniyyinsu, sai aka tarar 14 daga cikin 25 ko dai ba su da ƙwayoyin haihuwa sam, ko kuwa abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. A 1979 Amurka ta dakatar da amfani da maganin a kusan dukkan gonakinta, amma dubban ma'aikatan gonakin ayaba a ƙasashen Kosta Rika da Nikaraguwa sun riga sun kamu. Waɗanda suka yi aiki da shi na ɗan lokaci wasunsu sun farfaɗo bayan sun rabu da shi, waɗanda suka daɗe kuwa da yawa abin ya zame musu na har abada.

Magungunan da suka fi yawa a hannun manomanmu su ne dangin da ake kira oganofosfet, irin su malatiyon da kulofirifos da dikulobos, wanda 'yan uwanmu na Kano da Katsina suka sani a cikin haɗin nan da suke kira ota-fiya-fiya. A 2023 wasu masana a Amurka suka tattara bincike 25 da aka yi a ƙasashe daban-daban cikin kusan shekara 50, suka ga cewa mazan da suka fi cuɗanya da wannan dangi, da wani dangin mai suna kabamet, sun fi ƙarancin ƙwayoyin haihuwa idan aka kwatanta su da sauran maza. Tarayyar Turai ta hana amfani da kulofirifos a 2020, a 2025 kuma aka shigar da shi cikin jerin Yarjejeniyar Sitokholm ta magungunan da duniya ta amince a kawar da su, kamar yadda aka yi wa endosulfan a 2011.

Akwai wani abu guda da muke so kowane mai feshi ya riƙe. A 1971 an yi wani gwaji a Amurka domin a ga yadda fatar sassan jiki take tsotsar maganin faratiyon. Fatar damtsen hannu ta tsotsi ƙasa da kashi 10 cikin 100 na abin da aka ɗiga mata, amma fatar maraina ta shanye kusan dukkansa. To, sai mu tuna yadda famfon goyo yake yoyo, maganin ya bi gadon baya ya jiƙa wando, mutum ya yini a haka cikin zafin rana da gumi. Sai mu tuna kuma da wanda ya dama magani da hannu, sannan ya zaga bayan gona yin fitsari ba tare da ya wanke hannun ba.

TSATSA A CIKIN JIKI

Ta yaya dafin yake yin ɓarnarsa? Hanyoyin suna da yawa, akwai ta rikita sinadaran da ke ba maraina umarnin aiki, amma wadda ta shafi zancenmu na yau ita ce wadda za mu kira tsatsar cikin jiki. Kowa ya san yadda ƙarfe yake tsatsa idan aka bar shi a iska da laima, da yadda man gyaɗa yake sauya wari idan ya daɗe a buɗe. Iskar da muke shaƙa ce take wannan aiki. A cikin jiki ma, yayin da ake ƙona abinci domin samun ƙarfi, wasu 'yan ɓurɓushi masu cizo suna fita, kamar tartsatsi daga murhu. Jiki yana da nasa masu kashe tartsatsin, kuma yana samun ƙari daga abinci, irin su bitamin C da bitamin E. Idan dafi ya shiga, tartsatsin yakan yi yawa har ya fi ƙarfin masu kashe shi.

Ƙwayar haihuwar namiji tana cikin waɗanda suka fi saurin jin jiki a wannan hali. Dalili kuwa shi ne fatar da ta lulluɓe ta cike take da wani irin kitse mai laushi wanda ke saurin lalacewa, sannan ita kanta 'yar mitsitsiya ce, ba ta da wurin ajiye kayan kare kai masu yawa. Idan tsatsa ta kama ta, sai wutsiyarta ta yi sanyi ta kasa iyo, ko kuwa saƙon gado da take ɗauke da shi a ka ya kakkarye. Wani masani mai suna John Aitken da abokan aikinsa sun yi fice wajen bayyana wannan tun daga 1987. Jiki yana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ya ƙera ƙwaya guda daga farko har ta nuna, watau feshin da aka yi a watan da ya wuce yana iya bayyana a maniyyin wata biyu masu zuwa.

INDA MAN ƘAMSHI YA SHIGO

Da farko sai mu rarrabe mai iri biyu. Akwai man da ake matsewa, irin man riɗi da man gyaɗa, wanda ake girki da shi. Akwai kuma man ƙamshi, wanda Larabawa ke kira mai mai tashi, domin idan ka ɗiga shi a takarda sai ya bi iska. Shi ana samunsa ne ta hanyar turara ganye ko fure ko ɓawo, a tara tururin ya huce, man ya taso sama. Shi ne ruhin ƙamshin tsiro, kuma sai an turara tsiro mai yawa kafin a cika 'yar kwalba. Man kanumfari mafi yawansa wani sinadari ne mai suna yujinol, wanda yake kai kashi 70 zuwa 90 cikin 100. Na kirfa yana da nasa, na za'atar yana da timol, na maharib da na citta kowanne da irin nasa. Man habbatus-sauda da ake sayarwa kuwa matsattse ne, amma a cikinsa akwai ɗan kaso na mai mai tashi wanda yake ɗauke da timokwinon. Da yawa daga cikin waɗannan sinadarai an gwada su a ɗakin bincike an ga lallai suna kashe tartsatsin da muka ambata.

Daga nan ne masana suka ce bari su gwada a jikin dabba. Yadda ake yi shi ne a raba ɓeraye maza gida-gida, wasu a ba su maganin ƙwari kaɗai, wasu a ba su maganin tare da mai, wasu kuma a bar su haka nan. Bayan 'yan makonni sai a duba marainansu da maniyyinsu. A 2016 masu bincike a Aljeriya sun ba da rahoton cewa man habbatus-sauda ya rage ɓarnar da kulofirifos ke yi wa haihuwar ɓeraye. A 2018 wasu a Tunisiya suka sami irin wannan sakamako da man wani tsiro da suke kira halhal, a kan dafin malatiyon. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma, likitocin dabbobi sun yi gwaje-gwaje da bitamin C da bitamin E a kan ɓerayen da aka ba kulofirifos, suka ga sauƙi. Irin waɗannan rahotanni suna da yawa daga Masar da Iran da Saudiyya.

A jikin mutane kuwa, gwajin da aka fi ambata shi ne wanda aka yi a Iran aka buga a 2014. Maza 68 masu matsalar maniyyi aka raba biyu, rabi aka ba su man habbatus-sauda mililita 2.5 sau biyu a rana har wata biyu, rabi kuma aka ba su wani mai na daban. Waɗanda suka sha habbatus-sauda an ga ƙari a yawan ƙwayoyinsu da motsinsu. Wannan abin farin ciki ne, musamman ga tsiron da ambatonsa ya zo a hadisi, wanda kusan babu gidan da ba a ajiye shi ba.

AMMA A YI HATTARA

To, a nan ne gizo ke saƙar. Na farko, ɓera ba mutum ba ne. Ɓeran gwaji bai fi nauyin giram 200 zuwa 300 ba, ana auna masa dafi iri guda da ma'auni, a auna masa mai tsantsa da ma'auni, na 'yan makonni kawai. Manomi kuwa yakan haɗa magani biyu ko uku a famfo ɗaya, ya yi ta yi shekara da shekaru. Ko a jikin ɓerayen ma, abin da aka fi gani shi ne ragin ɓarna, ba a cika ganin an koma kamar ba a sha dafin ba. Mazan da aka gwada a Iran kuma ba masu feshi ba ne, kuma abin da aka auna maniyyi ne, ba a ƙirga jarirai ba.

Na biyu, da aka yi gwaji mai tsauri a Amurka, wanda aka buga a 2020, aka ba maza kimanin 170 masu matsalar haihuwa, rabi haɗin bitamin da sauran masu kashe tsatsa, rabi kuma ƙwayar da ba ta da komai, ba a ga wani bambanci ba a maniyyinsu ko a yawan haihuwa. Masanan da ke tace irin waɗannan gwaje-gwaje suna cewa mai yiwuwa akwai ɗan amfani, amma hujjar tana da rauni.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, man ƙamshi shi kansa yana iya zama dafi. Hausawa sun ce kowane allazi da nasa amanu. A 2008 masu bincike a Indiya sun ba ɓeraye abin da aka tatso daga kanumfari, kaɗan ya ƙara musu sinadarin mazakuta, amma da aka ƙara yawansa sai ya rage shi ya kuma lalata cikin maraina. Likitoci sun rubuta labarin ƙananan yara da hantarsu ta lalace bayan sun sha man kanumfari wanda bai wuce cokalin shayi ɗaya ko biyu ba. Ga kuma matsalar kwalbar da ba ta da takarda, wadda ba a san ko an surka ta da wani mai ko turare ba. Haka nan a ƙasashe da yawa hukumomi sun sha kama haɗe-haɗen ƙarfin maza da ake cewa na itatuwa ne zalla, alhali an zuba musu ƙwayar asibiti a ɓoye, abin da ke da hatsari ga mai ciwon zuciya.

Saboda haka duk wanda ya ce maka ka sha mai kaza ka shiga feshi ba abin da zai same ka, ya faɗi abin da babu wani gwaji da ya nuna. Wanda rufin ɗakinsa ke yoyo, gyaran rufi ya kamata ya fara yi kafin sayen ƙwaryar tarar ruwa.

ABIN DA KE HANNUNMU

Rigakafi ya fi magani, kuma mafi yawan rigakafin nan ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Kafin a goya famfo a cika shi da ruwa zalla a duba ko yana yoyo, idan yana yi a gyara, a kuma sa leda mai kauri tsakaninsa da baya. A sa riga mai dogon hannu da dogon wando da takalmin roba da safar hannu ta roba, a rufe hanci da baki. A dama magani da sanda, ba da hannu ba. Idan bakin famfo ya toshe kada a busa shi da baki. A yi feshi da sassafe ko da yamma, iska tana bayan mutum. Kada a ci abinci ko a sha taba ko a sa tumbak a leɓe ana cikin aiki, kuma a wanke hannu da sabulu kafin a zaga. Da an gama a yi wanka da sabulu nan take, a canza tufafi, a wanke na aikin daban, kada a haɗa su da na iyali.

A duba launin da ke ƙasan takardar kwalba: ja shi ne mafi hatsari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Idan mai sauƙin hatsari zai yi aikin, babu dalilin sayen ja. Kada a sayi maganin da aka juye a kwalbar lemo. Tun 1974 ƙasar nan take da dokar magungunan ƙwari, aka sabunta ta a 1994, amma a lokacin da hukuma ta yi rauni sai mai saye ya zama mai tsaron kansa. Galan ko durom da aka gama da shi a ɗauraye shi sau uku a huda shi, kada ya koma na ruwan sha ko na mai. Masu lambu kuma su kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka, domin tumatirin da aka fesa jiya aka kai kasuwa yau, cikin 'ya'yan wani zai shiga. Idan kuwa mutum ya fara zubar da yawu da gumi da amai, idonsa ya ƙanƙance bayan feshi, a cire masa tufafi a wanke shi a garzaya asibiti tare da kwalbar maganin. Kada a ɗura masa madara ko mai, domin da yawa daga cikin magungunan nan suna narkewa a maiƙo, sai hanji ya ƙara tsotsarsu.

Wani wurin da tsirrai za su fi yi mana amfani shi ne a gonar kanta. A ƙasar nan ne, a 1959, wani Bajamushe mai suna Heinrich Schmutterer ya lura cewa fara ta cinye ganyen itatuwa ta bar na darbejiya, wadda ake kira nim a nan. Daga wannan lura aka gina bincike mai yawa, har ruwan dakakken ƙwallon darbejiya ya zama sanannen abin korar ƙwari a lambu. Duk feshin dafi guda da aka rage, riba ce ga jikin manomi. Sai dai a kula, na ganyen gona ne, ba na sha ba, domin a gwajin dabbobi man darbejiya shi ma yana kashe ƙwayoyin haihuwa.

Kayan ƙamshi kuwa a ci gaba da amfani da su yadda iyayenmu suka saba: citta da kirfa da kanumfari a shayi da yaji, habbatus-sauda daidai misali. A haɗa da abin da Allah Ya hore na lemon tsami da gwaiba da tumatir wankakke, da ruwan karkade da na 'ya'yan kuka, da gyaɗa da riɗi da kifi. Wannan abinci ne mai taimakon jiki, ba ya kuma cutarwa. Man ƙamshi tsantsa dai kada a sha shi da cokali, kada a shafa shi a gaba, a kuma ajiye shi inda hannun yara ba zai kai ba.

A DAINA ƊORA WA MATA

Ba za mu rufe wannan fili ba sai mun faɗi wadda ta fi ɗaci. A al'adarmu idan aure ya shekara biyu shiru, matar ake kallo. Ita ake kai wa masu magani, ita ke shan jiƙe-jiƙe, ita ke shan gori daga dangin miji, daga ƙarshe a yi mata kishiya ko a ba ta takardarta. Alhali kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 yana gamuwa da matsalar haihuwa a rayuwarsa, likitoci kuma sun tabbatar cewa a kusan rabin gidajen da abin ya shafa akwai hannun namiji a ciki. Abin da ke ruɗar maza shi ne suna ɗaukar ƙarfin kwanciya da haihuwa abu ɗaya ne. Ba haka ba ne. Namiji yana iya zama lafiyayye sarai a shimfiɗa, maniyyinsa kuma babu ƙwaya ko ɗaya a ciki, ido kuwa ba ya gane wannan sai madubin likita.

Awon maniyyi abu ne mai sauƙi, ba allura ba yanka. Ana so mutum ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kafin a yi, kuma ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya sa ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita a matsayin iyaka ta ƙasa. Idan sakamako bai yi kyau ba akan sake bayan kamar wata uku, kuma a wannan tsakani ya kamata mai feshi ya nisanci magani gwargwadon iko, ya kuma gaya wa likita irin aikin da yake yi da sunan abin da yake fesawa. Likita zai duba sauran dalilai, irin su kumburin jijiyoyin maraina, da ciwon sanyi da ba a yi maganinsa sosai ba, da hangum da aka yi bayan balaga, da tsargiya wadda ta yi yawa a yankunan noman rani, da ciwon sukari da shan taba. Da yawa daga cikinsu suna da magani idan an zo da wuri.

Don haka kiranmu ga magidanta shi ne, idan an shekara guda ana zaune tare babu rabo, a tafi asibiti mutum biyu. Ga iyaye da surukai, a sassauta wa 'ya'yan mutane. Ga aɗɗarai, waɗanda jama'a suka ba amana tun kaka da kakanni, idan manomi ya zo neman maganin haihuwa a sayar masa da abin shayinsa, a kuma tambaye shi yadda yake feshi, a tura shi awo. Ga shugabannin unguwanni da limamai da ƙungiyoyin matasanmu kuma, a riƙa faɗakarwa kafin lokacin feshi ya kama, ko da tara kuɗi ne a sayi safar hannu da takalmin roba a raba wa leburori. Haihuwa ta Allah ce, amma kula da jikin da Ya ba mu aikinmu ne.

Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa, idan Allah Ya kai mu. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya ba masu nema zuriya ta gari. Wassalam.